WAIWAYE ADON TAFIYA: NAZARIN WASANNIN GRAND THEFT AUTO KAFIN FITOWAR NA SHIDA

GABATARWA

Al'adar manazarta ce idan marubuci ya yi shelar zai fito da sabon littafi, su koma su kakkaɓe tsofaffin littattafansa, domin su san abin da ya iya da inda ya saba yin tuntuɓe, sa'an nan su san mudun da za su auna sabon da shi. Abin da wannan maƙala ta ƙudurta yi ke nan. Sai dai abin da za mu ɗora a faifai wasan bidiyo ne, watau abin da yara suka fi sani da gem. Jerin wasannin da mu ke nufi kuwa shi ne Grand Theft Auto, wanda a ke taƙaitawa da GTA, na kamfanin Rockstar Games, wanda masoyansa su ke dakon kashi na shida.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar adabi da wasan yara? To, mai karatu, duk abin da ya ke da labari da taurari da jigo da salo ya shigo gonar manazarci, a takarda ya zo ko a majigi ko a allon talabijin. Kuma wannan ba na yara ba ne, don a Amurka an ware shi ne ga 'yan shekara 17 zuwa sama, saboda kisa da ashar da batsa da ke cikinsa. Daɗin daɗawa, da yawa daga cikinmu sun ɓata sa'o'i a shagunan gem suna zaga titunan Los Santos fiye da sa'o'in da suka ɓata a kan kowane littafin ƙagaggen labari. Abin da ya ci mana lokaci haka ya cancanci a feɗe shi.

Idan ka saurari hirar masu jiran na shida, galibi a kan abu biyu ta ke: girman taswira da kyan hoto. Ni kuwa a ganina waɗannan ba su ne mudu ba. Akwai wata matsala guda da ta ke bin wannan jeri tun shekarar 2001, kuma kowane kashi da irin maganin da ya gwada mata. Ita za mu bi.

SAƁANIN BAKI DA HANNU

A littafi, marubuci shi kaɗai ke riƙe da linzami. Abin da ya ce tauraro ya yi, shi zai yi. A GTA kuwa marubuta biyu ne. Kamfani shi ke rubuta abin da tauraro zai faɗa, da dalilin da ya sa ya ke abin da ya ke yi. Ana nuna wannan a 'yan gajerun fitowa kamar na sinima. Da zarar fitowar ta ƙare sai a miƙa wa mai wasa linzami, a sakar masa gari, ya je inda ya ga dama ya yi abin da ya ga dama, har sai ya bushi iska ya karɓi aike na gaba. Watau kamfani ke da bakin tauraro, mai wasa ke da hannunsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Tauraro zai tsaya ya ce ya gaji da zub da jini, idonsa ya yi rau-rau. Minti ɗaya bayan nan, mai wasa ya fizge motar wani, ya hau gefen titi yana bi ta kan mutane, taurarin 'yan sanda suna ƙaruwa a kusurwar allo. Wanne za mu gaskata, bakin ko hannun? Wannan shi na kira saɓanin baki da hannu, kuma da shi za mu auna kashi biyar ɗin nan.

TUSHE

Sunan wasan kalma ce ta shari'a a Amurka, ma'anarta laifin satar mota. Na farko ya fito a shekarar 1997 daga wani kamfani mai suna DMA Design a garin Dundee na ƙasar Sikotland, na biyu kuma a 1999. A waɗannan biyun daga sama a ke hango gari, kamar yadda shirwa ke hangen tsakar gida, motoci kamar akwatin ashana. Labarinsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba za mu tsaya kansu ba. Daga baya DMA Design ya koma Rockstar North, mai zama a Edinbara. Uwar kamfanin kuwa, watau Rockstar Games, an kafa ta a birnin Niyok a 1998, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai wa da ƙane 'yan Ingila, Sam Houser da Dan Houser. Shi Dan yana cikin manyan marubutan labaran duk kashi biyar da za mu duba. A riƙe wannan: wasan Amurka ya ke kwaikwayo, amma galibin masu saƙa shi mutanen Birtaniya ne.

GTA III (2001): TAURARO BEBE

Wannan shi ne ya sauko da ido daga sama ya ajiye shi a bayan tauraro, a kan na'urar PlayStation 2. Birnin shi ne Liberty City, kwaikwayon Niyok, an raba shi tsibiri uku, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ci gaban labari. Labarin ya fara ne da wani saurayi da budurwarsa Catalina sun je fashin banki. Suna cikin gudu sai ta juyo ta harbe shi, ta tsere da kuɗin. Bai mutu ba. Daga nan ya shiga yi wa gungun 'yan ta'adda aike, yau na Italiyawa gobe na Japanawa, har ya kai ga ɗaukar fansa.

Maganin da wannan kashi ya yi wa saɓanin baki da hannu shi ne ya rufe bakin ɗungum. Tauraron bai furta ko kalma ɗaya daga farko har ƙarshe. Ko sunansa, Claude, sai a wani kashi na gaba aka bayyana. Tun da ba baki, ba saɓani. Duk abin da hannu ya yi daidai ne, don ba wanda ya ce ba halinsa ba ne.

Dabara ce, amma mai tsada. Mutumin da bai magana, bai tambaya, bai musu, ba tauraro ba ne, ɗan aike ne kurum. Ba mu san abin da ya ji ba sa'ad da wadda ya ke so ta harbe shi. Abin da ya ceci wasan shi ne garin kansa, musamman gidajen rediyon da ke tashi duk motar da ka shiga, da tallace-tallacensu na ba'a da masu buga waya suna shirme. A nan, rediyo ita ce bakin wasan. Darajar GTA III darajar harsashin gini ce: kowa a kansa ya hau, amma ba wanda ke kwana a cikinsa.

VICE CITY (2002): BAKI YA BI HANNU

Shekara guda kawai aka yi sai ga Vice City, kwaikwayon birnin Miyami, an kuma mai da agogo baya zuwa 1986. A wannan karo tauraro ya sami baki, muryar ɗan wasan sinima Ray Liotta, wanda ya rasu a 2022. Tommy Vercetti ya fito daga kurkuku bayan shekara 15, ubangidansa Sonny Forelli ya tura shi kudu cinikin hodar iblis. Aka yi musu kwanton ɓauna, kuɗi da kaya duk suka salwanta. Neman wanda ya yi wannan aiki shi ya kai Tommy ga kashe Ricardo Diaz, ya gaje gidansa, ya riƙa sayen wurare ɗaya bayan ɗaya har gari ya zama nasa. A ƙarshe abokin tafiyarsa Lance Vance ya sayar da shi ga Sonny.

Maganin wannan kashi shi ne a ba tauraro bakin da ya dace da hannu. Tommy mugu ne, mai haɗama, mai saurin fushi, bai kuwa taɓa cewa shi wani abu ne daban ba. Saboda haka duk ɓarnar da mai wasa ya yi a titi ba ta ƙaryata shi. Ta fuskar zubi da tsari, babu kashin da ya kai wannan ɗaurewa. Garin ƙarami ne, launinsa da kaɗe-kaɗensa da tufafin mutanensa duk zamani ɗaya su ke nunawa, kuma sayen wurare ya sa abin da hannu ke yi ya zama shi ne labarin: mutum yana cin gari a gaban idonka.

Inda ya gaza shi ne aro ya yi yawa. Gidan Diaz da benensa da faɗan ƙarshe duk an ɗebo su ne daga fim ɗin Scarface na 1983. Aro ba laifi ba ne a adabi, amma a duba abin da aka ɗauka da abin da aka bari. A fim ɗin, haɗamar tauraro ita ta kashe shi a wannan bene. A wasan kuwa Tommy ya kashe kowa ya zauna daram. An ari rigar, an bar darasin. Vice City ya yi nasarar kawar da saɓani ne ta hanyar ƙin tambayar tauraronsa komai.

SAN ANDREAS (2004): TAURARO MAI GIDA

Wannan shi ne wanda aka fi sani a wajenmu, kuma shi ne wasan da aka fi saye a duk tarihin PlayStation 2. Labarin a 1992 ya ke. Carl Johnson, wanda a ke kira CJ, baƙar fata ne da ya bar unguwarsu ta Grove Street a Los Santos shekara 5, sai labarin kisan mahaifiyarsa ya komo da shi. Tun kafin ya isa gida wani lalataccen ɗan sanda, Frank Tenpenny, wanda Samuel L. Jackson ya yi wa murya, ya tare shi ya ɗora masa laifin kisan da bai yi ba, don ya mai da shi karen farautarsa. Ya tarar da wansa Sweet na fushi da shi, ƙungiyarsu ta yi rauni, ƙwaya ta cinye samarin unguwa.

A karo na farko an ba mu tauraro mai uwa da wa da 'yar'uwa da abokan ƙuruciya. Kuma a karo na farko cin amana ya yi zafi, domin da ɗan gari a kan ci gari: Big Smoke da Ryder, waɗanda mai wasa ya daɗe yana yawo da su a mota ɗaya suna raha, su ne suka haɗa kai da Tenpenny da abokan gaba. Labarin ya kuma jingina da tarihi na gaskiya. Tarzomar da ta rufe wasan kwaikwayo ce ta tarzomar Los Anjalis ta 1992, wadda ta ɓarke bayan kotu ta sallami 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. Kashin farko na San Andreas, watau zaman Los Santos, yana cikin mafi kyawun abin da wannan jeri ya taɓa rubutawa.

Amma fa daga nan sai tsintsiya ta kwance. Aka ɗaure Sweet, aka jefar da CJ a ƙauye, sa'an nan ya bi ta San Fierro da Las Venturas, kwaikwayon San Faransisko da Las Begas. A hanya ya buɗe garejin mota, ya koyi tuƙin jirgin sama, ya kutsa sansanin soja na asiri ya sato na'urar tashi sama, ya fasa gidan caca. Zubin ya koma irin na Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, watau labarai barkatai a rataye a igiya ɗaya. Sai dai a Ruwan Bagaja halin tauraro da yanayin labarin ba su sauya ba tun farko, alhali a nan an fara mana da makoki aka ɓuge da wasan Gizo. Gaskiya ne an ce wani jami'in gwamnati, Mike Toreno, na riƙe da ran Sweet a matsayin garkuwa, amma mai wasa kan manta da wan nan nasa na tsawon sa'o'i.

A nan ne kuma saɓani ya fara bayyana ƙarara, har a cikin aiken da kamfani ya rubuta da kansa. CJ ɗin da a ke nuna mana mai tausayi da son zumunci, shi ne ya binne shugaban leburori da ransa a cikin siminti don ma'aikatansa sun gaya wa Kendl baƙar magana. Marubutan sun san sun yi nisa, shi ya sa da Sweet ya fito ya ƙi bin CJ zuwa katafaren gida, ya ce sai dai a koma unguwa. Wannan fitowa ita ta ɗaure tsintsiyar, ko da ya ke ta zo a makare.

GTA IV (2008): BAKI YA YI NADAMA

An koma Liberty City, amma an sake gina ta da kamanni na gaske, a kan PlayStation 3 da Xbox 360. Niko Bellic tsohon soja ne daga gabashin Turai. Ya sauka daga jirgin ruwa saboda wasiƙun ɗan'uwansa Roman, wanda ya cika shi da labarin gidaje da motoci. Da ya iso sai ya tarar da ɗaki mai kyankyasai, da ɗan kamfanin tasi, da bashin caca har wuya. Duk wanda ya taɓa samun labarin ɗan'uwa da ya tafi ci-rani ya san wannan irin wasiƙa, ya kuma san ramin ƙarya ƙurarre ne.

Niko yana da wata manufa ta ɓoye. A yaƙi, su 15 ne a rundunarsu, wani ya sayar da su, uku kaɗai suka tsira. Yana neman maci amanar. Sa'ad da aka kawo masa shi, Darko Brevic, sai ga mutum ƙwaya ta gama da shi, kuma dala 1,000 kacal aka biya shi. Da Niko ya nuna takaicin ƙanƙantar kuɗin, sai Darko ya mayar masa da tambayar nawa shi ya ke karɓa in zai kashe mutum. Sa'an nan aka bar wa mai wasa zaɓi, ya harbe ko ya ƙyale. A duk jerin babu fitowar da ta kai wannan nauyi, domin a nan ne baki ya juyo ya tuhumi hannu. Ƙarshen wasan ma haka ya ke. Zaɓi biyu ne, ciniki da maƙiyi ko ɗaukar fansa, kuma ko wanne ka ɗauka sai an yi gawa a ranar auren Roman: ko shi angon, ko Kate, yarinyar da Niko ke so.

Ta fuskar labari, wannan ya fi duka. Amma kuma a nan ne saɓanin ya fi muni, don mutumin da ke kukan abin da yaƙi ya mai da shi, shi ne mai wasa ke ɗauka ya je ya tayar da gari don nishaɗi. Marubutan sun gwada magani guda, wanda masu wasa da yawa suka tsana: wayar hannu. Kana tsakiyar sha'aninka sai Roman ko wani aboki ya bugo, ya ce ku fita ku ci abinci ko ku yi wasa, in ka riƙa ƙi kuwa zumunci ya yi sanyi. An yi ta yi wa wannan ba'a, amma ni ina ganin ya cancanci kariya. Wuri ne da aka nemi hannu ya yi aikin da ba ɓarna ba, ya ɗauki nauyin mutane. Zumunci a ƙafa ya ke, kuma dama yana da takura. Kuskuren dai yawan kiran ne, ba tunanin ba.

GTA V (2013): AN RABA MUTUM UKU

Wannan ya fito ran 17 ga Satumba 2013, ya tara dala miliyan 800 a ranar farko, ya kai biliyan 1 cikin kwana uku, kuma zuwa 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Maganinsa ya fi na kowa wayo: tun da mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar baki da hannu ba, sai aka yi taurari uku, mai wasa na sauyawa tsakaninsu. Michael tsohon ɗan fashi ne da ya yi ritaya cikin daula, iyalinsa sun raina shi. Shi aka ba nadama. Franklin saurayi ne mai neman hanyar fita daga unguwa. Shi aka ba buri. Trevor kuwa taɓaɓɓe ne da ba ya tsoron kowa. Shi aka ba hannu. Duk sa'ad da mai wasa ya ji marmarin ɓarna, sai ya koma jikin Trevor, labari bai karye ba.

Ta fuskar sana'a, ba a magana. Tuƙi da harbi da shirin fashi, inda a ke zaɓen hanya da ma'aikata, duk sun fi na baya. Amma da aka raba mutum uku sai zuciya ta faɗi a tsakani. A gwada Franklin da CJ, tun da gari ɗaya suka fito. CJ gida ya komo, labarinsa na ɗinke zumunci ne. Franklin kuwa tun wasa bai yi nisa ba ya tare a gidan kan tudu cikin masu kuɗi, daga nan ya zama mai raba faɗan manya biyu. Haka kuma ƙarshen: an ce ka kashe Michael, ko ka kashe Trevor, ko kuwa ka ɗauki hanya ta uku inda duka ukun za su tsira da dukiyarsu. Zaɓin da ya ke da ƙofar fita kyauta ba zaɓi ba ne. A GTA IV ko ina ka juya sai ka biya.

Akwai kuma fitowar da aka fi yi wa ca, inda a ke tilasta wa mai wasa ya azabtar da wani bawan Allah da hannun Trevor, bisa umurnin jami'an gwamnati, har da cire haƙori. Bayan an gama sai Trevor ya kai mutumin filin jirgi yana jawabin cewa azabtarwa ba ta samar da bayani. An so a yi suka ne ga abin da Amurka ta aikata bayan 2001, amma an sa mu mun aikata abin da hannunmu tukuna, sa'an nan aka ɗora wa'azin a bakin wanda ya fi kowa jin daɗinsa.

ZAMBO BA UBANGIDA

Duk kashin nan biyar zambo ne ga Amurka: son kuɗinta, da bindigoginta, da 'yan siyasarta, da gidajen labaranta. A GTA V har da kamfanin Lifeinvader, wanda kowa ya san Facebook a ke yi wa habaici. Amma mu da muka san waƙar fada mun san makaɗi ba ya zambo a banza. Yana da ubangida, kuma yana rage tsawon abokin hamayya ne don nasa ya fito. A San Andreas ubangidan shi ne unguwa da zumunci. A GTA IV shi ne baƙon da aka yaudara. A GTA V kuwa an zagi kowa, mai kuɗi da matalauci, mace da namiji, ba a bar kowa tsaye ba, sai zambon ya zama hayaniya. Abin ya ƙara rauni da ya ke wasan da ke ba'a ga haɗama shi ne kuma, a sashensa na intanet da aka buɗe a Oktoba 2013, ya ke sayar wa masu wasa kuɗin cikin wasa da kuɗi na gaske.

Akwai abin lura a nan game da mu. Zambon nan duk cikin Turancin titi ya ke, a rediyo da allunan talla da hirar taurari. Wanda ya tsallake fitowa don lokacin da ya biya a shago na ƙurewa, ya danna lambobin asiri ya cika aljihu da makamai, to hannu kaɗai ya samu, bakin ya wuce shi. Abin da aka yi don suka sai ya iso gare shi kamar kirari. Wannan dalili ne babba da ya sa bai kamata a sakar wa ƙannenmu wasan ba, kuma ya sa ya kamata mu manya mu riƙa sauraron abin da a ke faɗa a cikinsa.

ABIN DA KE GABAN NA SHIDA

Kamfanin ya nuna tallan farko na GTA VI a Disamba 2023, na biyu a Mayu 2025. Da fari an sa ran fitowarsa a 2025, sai aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, sa'an nan a Nuwamba 2025 aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. An koma Vice City, cikin wata jiha mai suna Leonida, kwaikwayon Falorida. Taurarin biyu ne, Jason Duval da Lucia Caminos, masoya ne kuma abokan fashi. Dan Houser kuwa ya bar kamfanin tun 2020.

Idan mai karatu ya waiwaya zai ga jigo ɗaya ne ya ratsa duka biyar ɗin, watau cin amana. Catalina ta harbi Claude, Lance ya sayar da Tommy, Big Smoke ya sayar da unguwa, Darko ya sayar da runduna, Michael kuma ya yi ƙaryar mutuwa ya bar Trevor da makoki shekara 9. Abin sha'awa, jerin ya fara a 2001 da saurayi da budurwa a bakin banki, ga shi ya komo kan saurayi da budurwa. Bambancin shi ne a wancan karo ɗaya bebe ne, ɗaya kuma dodo ce da ba mu taɓa shiga zuciyarta ba. Yanzu kuwa duka biyun suna hannun mai wasa.

Saboda haka tambayoyi uku za mu riƙe. Ta farko, shin abin da hannu ya aikata a titi zai taɓa tsakanin mutanen nan biyu, ko kuwa soyayyar a fitowa kawai za ta zauna, titi kuma ya ci gaba da zama na Trevor? Ta biyu, shin Lucia za ta zama mutum mai nata dalili? Tarihin jerin bai da kyau a nan, don in ka cire Kendl da Kate, matan cikinsa galibi ko ado ne ko abin ba'a. Ta uku, shin ƙarshen zai sa mu biya wani abu, ko za a sake buɗe mana ƙofar baya?

KAMMALAWA

A taƙaice, GTA III ya rufe baki, Vice City ya sa baki ya bi hannu, San Andreas ya ba tauraro gida amma ya bar shi ya yi nisa da shi, GTA IV ya sa baki ya tuhumi hannu, GTA V kuma ya raba su gida-gida. A ɗaurin zubi Vice City ke gaba, a ƙwarewar sana'a GTA V, a armashi da faɗi San Andreas. Amma a mudun da muka ɗauka, GTA IV na ba kambu, San Andreas na bi masa, domin su biyun ne suka yarda tauraro ya zama mutum, suka kuma ɗauki wahalar da ke tattare da haka. Wanda ke son komawa baya kafin sabon ya iso, waɗannan biyun sun ishe shi. A dai lura, sabon bugun tsofaffin ukun da aka fitar a Nuwamba 2021 ya zo da kurakurai har kamfanin ya nemi gafara, ko da ya ke an yi gyare-gyare daga baya.

Taswira za ta yi girma, hoto zai yi kyau, wannan kuɗi da na'ura ke sayensa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na san cikin 'yan'uwa ɗalibai akwai waɗanda ba za su yarda a ɗora wani a kan San Andreas ba. Fili a buɗe ya ke, sai mu ji hujjarsu a fitowa ta gaba.